Injin da Keziah Ta Ƙera

Ranar da a-kori-kura ta sauke injin a ƙofar gidan Saje Dawuda, har matan da ke layin famfo sai da suka bar bokitansu suka zo kallo. Ƙarfe ne mai koren fenti, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum, da baki a sama inda ake zuba zangarniyar dawa, da wata 'yar hanya a gefe inda tsaba ke fita.

Keziah, 'yar Saje, ita ta ƙera shi da hannunta a jami'ar fasaha, inda take shekarar ƙarshe a sashen injiniyan kayan noma. Shi ne aikin kammala karatunta. Malamin da ke duba aikin ya ce zane a takarda bai isa ba. Tunda kaka ta yi, ta kai shi gida Zuru ta gwada shi da dawar gaske, ta rubuta abin da ta gani, ta dawo da shi bayan hutun Kirsimeti. Akwai malamin da za a gayyato daga wata jami'a, sai ya gan shi yana aiki kafin a ba ta maki.

Washegari aka kai shi masussukar bayan gida. Keziah ta ɗaure kanta da tsohon ɗankwali, ta duba mai, ta ja igiya. Injin ya yi tari, ya kama. Ta tura zangarniya ta farko. Tsaba ta zubo jajir a kan tabarma, ƙaiƙayi ya tashi ta ɗaya gefen. Kafin rana ta yi zafi an gama damin da mata za su wuni suna duka da sanda.

Saje Dawuda, tsohon soja ne da bai cika dariya ba, amma ranar har dasashinsa aka gani.

"Kun gani?" yake ce wa maƙwabta. "Ba Bature ya yi shi ba. 'Yata ce! A cikin gidan nan aka haife ta."

Keziah ta kashe injin, ta share gumi. Ta dubi yayanta Justice, wanda tun safe yake zagaya injin yana shafa shi.

"Yaya, kada kowa ya tayar da shi idan ba na nan. Dubi bel ɗin nan da ke juya injin, a buɗe yake, ban yi masa murfi ba tukuna. Yana iya kama hannun mutum. Kuma na gwaji ne, sai ana barinsa yana hutawa."

"To, injiniya, mun ji," in ji Justice.

Da safe ta tafi wurin Jabiru mai walda a bakin kasuwa, ta tsaya a kansa har ya lanƙwasa mata murfin yadda ta auna. Ta dawo da azahar tana riƙe da shi. A tsakar gida babu inji. Sai ɗigon baƙin mai a ƙasa, da sawun tayar mota.

"Mama, ina injina?"

Mahaifiyarta tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. "Yayanki ya kai shi Dabai. Gobe-jibi zai dawo da shi."

"Wa ya ba shi?"

"Mi kike nufi da wa ya ba shi? Ɓarawo ne?"

"Mama, wannan jarrabawata ce. Ba kayan haya ba ne."

Uwar ta ajiye rariya. "Keziah, ki ji tsoron Allah. Tun da yaron nan ya gama sakandare yake zaune ba aikin yi, kullum yana gidan burukutu. Yau na ga ya tashi da asuba, ya yi wanka, ya fita nema kamar 'ya'yan mutane. Shi ne za ki yi baƙin ciki?"

Keziah ta wuce wurin mahaifinta. Yana ƙarƙashin mangwaro da rediyonsa. Ta durƙusa, ta yi masa bayani a hankali, tun daga farko. Ya saurara har ta gama.

"A gidan nan babu nawa, babu naka," ya ce. "Ni na ce ya ɗauka. Ki tashi."

Gobe ta zo, jibi ta wuce. Justice ya aiko a ce matarsa Magdalene ta bi shi, domin yana bukatar mai kwashe tsaba. Magdalene ta tafi, ta bar 'ya'yanta. Girki, wanki, ɗebo ruwa, wankan yara, duk suka koma kan Keziah. Littattafan da ta zo da su suna cikin jaka, ko zif ba ta buɗe ba. Murfin bel yana jingine a bayan ƙofar ɗakinta, kullum ta shiga sai ta yi tuntuɓe da shi.

Da ta ga abin ba na ƙarewa ba ne, ta ɗauki murfin, ta hau kabu-kabu ta tafi Dabai. Aka ce ai mai inji ya gama da su, ya wuce Manga. Ta bi shi.

Tun daga nesa ta ji ƙarar, kuma ta san ba haka ta bar shi ba. Wani kuka yake yi kamar ana goga ƙarfe a dutse. Ta same shi ƙarƙashin tsamiya, maza sun yi layi da damunansu. Injin yana rawa, an danne ƙafafunsa da duwatsu. An cire ragar da ke tace tsaba an jefar a gefe. A jikinsa, kan koren fentin da ta shafa da hannunta, an rubuta da farin fenti: Justice Dawuda. Magdalene tana durƙushe daf da bel, tana jan tsaba da ƙwarya, ƙura ta rufe mata gira.

"Yaya, kashe shi!"

Bai kashe ba. Sai da ta kai hannu da kanta ta murɗe. Wurin ya yi tsit.

"Ke, lafiyarki?"

"Me ya sa ka cire ragar?"

"Tana toshewa. Tana ɓata mini lokaci."

"Tana toshewa ne don kuna cusa masa abin da ya fi ƙarfinsa. Taɓa nan ka ji, boris ɗin da sandar ciki ke juyawa a kai ya yi zafi kamar garwashi. Yaushe rabon da ka duba baƙin mai? Ga murfin bel na kawo, bari in ɗaura, sannan mu tafi da shi gida."

Justice ya karɓi murfin, ya juya shi, ya cilla bayan motar da ke ɗaukar injin.

"Bel ɗin nan yana zamewa kullum. In na rufe shi, sai na riƙa kwance noti ke nan mutane suna jira? Ke karatu kika sani. Mu aiki muka sani."

Mazan suka yi dariya. Wani dattijo ya ce, "'Yata, ki bari a gama tawa dawar, sannan ku yi faɗanku na gida."

"Yaya, don Allah. Idan ya lalace, shekarata ta lalace."

"Ki je ki faɗa wa Baba," ya ce, ya ja igiya.

Ƙarar ta rufe sauran maganarta. Ta tsaya tana kallon injinta yana karkarwa, hawaye na cakuɗewa da ƙaiƙayi a fuskarta. Ta sunkuya ta ce wa Magdalene a kunne, "Anti, ki ja baya daga bel ɗin nan." Magdalene ta gyaɗa kai, ta ɗan matsa. Justice ya daka mata tsawa cewa tsaba tana taruwa, ta koma inda take.

A gida Saje ya ce ya riga ya yi wa abokan aikinsa na soja alkawari, a Manga da kewaye, cewa injin gidansa zai yi musu sussuka. Soja ba ya janye magana. Keziah ta kai kuka wurin Baba Ezekiel, dattijon majami'arsu, ko zai sa baki. Ya zo ranar Lahadi bayan sujada, ya ci tuwo, ya yi doguwar nasiha kan haƙuri da biyayya, ya ce ilimin da bai amfani dangi ba girman kai ne. Da zai fita, ta ji yana tambayar mahaifinta a ƙofa ko yaushe layi zai zo kan gonarsa.

Ana saura kaɗan Kirsimeti, wata rana da hantsi, mai kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gida bai ko kashe babur ba. Ya ce su yi maza asibiti. Bel ya kama hannun Magdalene.

Yatsu biyu na hannun dama suka tafi. Na ukun likita ya ce sai abin da Allah ya yi.

A barandar asibiti mahaifiyar Keziah ta ɗora hannu a ka, ta juyo kanta.

"Kin gani? Kin ga abin da kika jawo mana? Muna zaman lafiyarmu, kika kwaso wanga mugun ƙarfe kika kawo mana gida!"

"Mama, ni? Ba na faɗa ba? A gabanki na faɗa!"

"Rufe mini baki! Mace tana kwance cikin jini, ke kina neman wanda ya yi gaskiya?"

Justice yana zaune a kan benci, rigarsa duk jini. Ya ɗago jajayen idanu ya ce, "Wane irin injiniya ne zai ƙera abu ya bar bel a waje?"

Keziah ta juya. Ta dubi mahaifinta. Ya kawar da kai, yana kallon bango.

Ita aka bari da jinya. Ita ke yi wa Magdalene wanka, ta ba ta abinci a baki, ta koma gida ta dafa na yara, ta dawo. Kirsimeti ya zo ya wuce, ba ta ko je majami'a ba. Ta ɗauka aƙalla yanzu za a dawo mata da injin. Sai ta ji Justice ya wuce da shi Dirin Daji.

"Da mi kike so a sayi magani?" in ji Saje. "Abin da ya yi ɓarnar, shi zai biya."

Wata rana da yamma tana canza wa Magdalene zane, matar ta riƙe ta da hannun hagu.

"Keziah, na ji lokacin da kika faɗa. A gida kin faɗa, a Manga kin faɗa."

"To ki faɗa musu mana, Anti. Ke za su ji."

Magdalene ta dubi hannunta da ke naɗe da bandeji. "Da hannu biyu ma ban isa in yi magana a gidan nan ba. Yanzu in na buɗe baki ya kore ni, wa zai karɓe ni da yara da wannan hannun?"

Keziah ba ta sake roƙonta ba.

Aka koma makaranta ba ita. Gidansu ba a samun sabis, sai ta hau tudun bayan unguwa da wayarta. Nan ƙawarta Khairat, 'yar ajinsu, ta same ta.

"Ke, kina ina? An sa rana! Malamin waje yana zuwa ƙarshen wata. Dakta mai duba aikinki yana ta tambayarki, ya ce ko babi ɗaya na gwaji bai gani ba."

"Ina zuwa."

"Haka kika ce wancan makon. Keziah, lafiya kuwa? Muryarki ta canza."

"Ki ce masa ina zuwa."

Ta sauko ta sake durƙusawa gaban mahaifinta. Wannan karon ba ta yi bayani ba, kuka kawai ta yi. Ya daɗe yana kallonta, kamar wanda aka takura wa.

"Shi ke nan. Zan aika masa. Ke kam kin cika naci."

Da aka kawo injin, ba a tashe shi ba, sauke shi aka yi kamar gawa. Kan injin ya buga, don an bar shi ba baƙin mai. Sandar ƙarfen da ke juyawa a ciki ta lanƙwashe. Haƙoran da ke bugun zangarniya rabi sun karye, sauran wani mai waldar bakin hanya ya liƙa su a karkace. Raga babu, fanka babu. Keziah ta zagaya shi, ta sa hannu ta juya. Bai motsa ba. Ta zauna a ƙasa, a nan tsakar gida.

"Dama ba ki yi shi da ƙwari ba," in ji Justice yana wanke ƙafa a bakin rijiya. "Na kamfani shekara da shekaru yake yi. Ni na ma yi ƙoƙari da ya kai haka."

Jabiru mai walda ya zo ya duba, ya girgiza kai. Ya ce wannan ba gyara ba ne, sabon aiki ne, kuma ba a Zuru za a samu kayan ba.

Duk da haka ta ɗora shi a mota ta kai makaranta. Dakta ya fito daga ofis, ya tsaya a kansa a bakin ɗakin ƙere-ƙere. Ya karanta sunan da ke jiki.

"Wane ne Justice?"

"Yayana ne, Malam."

Ya tambayi sakamakon gwaji. Na rana ɗaya take da shi, ranar farko. Ta fara ba shi labari. Ya ɗaga hannu.

"Na yarda da ke. Na san aikinki, a gabana kika yanka ƙarfen nan. Amma baƙon nan ba labari zai zo ji ba. Me zan tayar masa? Me zai auna? Ba ni da yadda zan yi, Keziah. Sai baɗi."

Ranar da 'yan ajinsu suka kare ayyukansu, tana zaune a bayan ɗakin tana jin injinan wasu suna tashi ɗaya bayan ɗaya, ana tafi. Khairat ta fito da murna, ta hango ta, murnar ta koma ciki. Ta zo ta zauna kusa da ita a kan dakali.

Da ta koma Zuru hutun Ista, ta tarar labari ya riga ta isa, amma ba irin wanda ta sani ba. A majami'a mata suna yi mata sannu da tausayi. Mahaifiyarta ta gaya musu karatun ne ya fi ƙarfinta, dama na maza ne, an faɗa mata ba ta ji ba. A kasuwa kuwa ana nuna ta, ana cewa ga wadda injinta ya cinye hannun matar yayanta. Shi Justice ya sayi babur, yana kabu-kabu idan ya ga dama.

Ranar da za ta koma, da safe, ta je sallama. Saje yana ƙarƙashin mangwaro, Justice yana goge babur kusa da shi.

"Ki dage wannan karon," in ji Saje. "Kin ba ni kunya a garin nan. Na gama gaya wa mutane bana za ki fito."

"Kuma in za ki ƙera sabon," in ji Justice, "ki sa masa babban kai, wancan ƙarami ne. Ki kawo shi da wuri, kafin a fara yankan dawa. Mutanen Dirin Daji har sun fara tambaya."

Keziah ta dube shi. Ba wasa a fuskarsa. Ta juya ga mahaifinta.

"Baba, in yi tambaya?"

"Ina ji."

"Da Yaya ne ya ƙera injin nan, jarrabawarsa ce, ni kuma na ɗauka ba da izninsa ba, na lalata shi, na jawo aka yanke wa mutum yatsu, me za ka yi mini?"

Saje ya rage muryar rediyo. Sannan ya ce, cikin natsuwa, kamar mai yaba mata:

"Ai ke ba za ki ɗauka ba. Ke muka ba tarbiyya."

Ta tsaya tana jira ko zai ji abin da bakinsa ya faɗa. Bai ji ba. Ya mayar da muryar rediyo.

Magdalene ce ta raka ta tasha. Ta nace sai ta ɗaukar mata jaka a ka, tana tallafe da hannun hagu, na daman a ɓoye cikin zane. Sai da mota ta cika, kwandasta yana rufe but ɗin kaya, sannan ta leƙo ta taga.

"Keziah, in kin ƙera, ki gwada shi a garin wasu. Kada ki kawo shi gida."

"Ba zan kawo ba, Anti."

"Ke ma," Magdalene ta waiga ta ga ko akwai wanda ya san su, "kada ki zo sai takardarki tana hannunki. Ko an ce miki ba ni da lafiya. Ko an ce Mama ce."

Mota ta tashi.

Ba ta zo ba. Da kaka ta yi aka aika mata, ta ce tana da aiki. Aka sake aikawa, ta kashe waya. A wani ƙauye kusa da makaranta ta gwada sabon injin, a gonar mutumin da bai san sunan ubanta ba, kuma shi ya tambaye ta sau nawa za a bar shi ya huta.

A Zuru kuwa an samu sabon abin faɗa. Saje yana gaya wa abokansa boko ya lalata masa 'ya. Uwar tana kuka a taron mata, tana neman a taya ta addu'a Allah ya karya girman kan yarinyar. Baba Ezekiel ya kawo misali da ita a nasiharsa ga matasa. Duk wanda ya ji sai ya girgiza kai, ya ce 'ya'yan yanzu ba su san darajar gida ba.

An ci shekarar yarinya a gidan nan, an ci yatsun mace, da rana tsaka, unguwa tana kallo. Ba wanda aka kira gaban dattawa. Ba wanda aka ce ya ba da haƙuri. Har yau idan aka yi zancen a unguwar, mai laifi ɗaya ake ambata, ita ce wadda ta ƙi dawowa a sake yi mata.